Batirin da Baba Ya Shanya

Ni ne na ƙona cajar farko. Gara in fara da wannan, domin a gida cewa na yi wuta aka kawo da ƙarfi ta cinye ta, kuma aka yarda.

Kwamfutar ta matata ce, irin wadda ake sawa a jaka. Yayanta ne ya saya mata da ta shiga shekarar ƙarshe a kwaleji nan Kazaure, don ta rubuta aikinta na kammala karatu. Ni iyakata sakandare. Ina aiki a wani shagon buga takardu, kuma saboda ina iya buɗe wa mutane wayar da suka manta lambar sirrinta, 'yan unguwa suka sa mini Injiniya. Sunan ya shige ni fiye da yadda ya kamata. Ranar bikin wani abokina a Babura na ɗauki kwamfutar ba da saninta ba, wai zan sa waƙoƙi ta lasifika, amma gaskiyar ita ce so nake a gan ni da ita. Na jona cajar a wani tsohon janareta mai tari. Ba a yi waƙa uku ba na ji warin ƙonanniyar roba.

Da yayanta ya ji caja ta mutu, ya kira ni a waya ya ce in ɗauki hoton rubutun da ke ƙarƙashin kwamfutar in tura masa, zai samo daidai da ita a Kano. Na yi dariya na ce, "Haba yaya, caja ma sai an je Kano? Ai sana'armu ce." Ranar kasuwa na je wurin wani mai tebur, na zaɓi wadda bakinta ya yi kama da na tsohuwar. Da ido na zaɓa. Ban karanta ko layi ɗaya na rubutun da ke jikinta ba. A gida bakin ya ƙi shiga sosai, na danna da ƙarfi, na ji wani ɗan ƙas, sannan ya zauna.

A lokacin Baba yana gidana. Manomi ne, daga ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa. Yana da ciwon suga, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafar hagu, wurin ya zama gyambo. Likita ya ce dole a riƙa wanke ciwon a asibiti duk bayan kwana biyu har ya cike, in kuwa aka bari ya yi sati ba wanki, to a shirya rabuwa da ƙafar. A gabana ya faɗa. A ƙauyenmu ba mai yin wannan wanki.

Baba bai so zama wurina ba, domin ni ne ɗansa na fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya doguwar hira da shi, ba ya cin abinci yana kallo, balle ya yi jayayya da shi a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son gaya mini abu, sai ya gaya wa wanda ke kusa, ni kuma in ji. Matata ce ta je har ƙauye ta durƙusa ta roƙe shi. Ya ce mata, "'Yar nan, zan zo saboda ke. Amma ranar da na ga na zame muku nauyi, kada ki tare ni." Muka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure. Da rana yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya miƙe ƙafar a kan matashi, rediyonsa a gefe.

A gabansa na yi duk fafutukar cajar. Kwamfuta tana kunnuwa in akwai wuta, amma batirin ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Alamarsa a ƙasan allo tana nan fayau kamar ƙwaryar da aka wanke. Da an ɗauke wuta, sai allon ya yi baƙi nan take, duk abin da matata ta rubuta ba ta ajiye ba ya tafi. Sau biyu ta rasa shafukan da ta wuni tana bugawa. Na biyun ta kifa kai a kan gwiwa, sannan ta tashi ta ɗora sanwa.

Na canza soket. Na kai ta ɗakin maƙwabci na gwada nasu. Na cire batirin, na danne maɓallin kunnawa ina ƙirga talatin kamar yadda wani ya gaya mini, na mayar. Na hura ramin cajar da baki, na sosa shi da tsinken tsintsiya. Na goge haƙoran batirin da gefen rigata. Na lanƙwasa wayar cajar na ɗaure ta da kyauro a kan wani kwana, wai ko a ciki ta tsinke. Kullum na dawo daga shago sai na sake bin waɗannan daga farko, kamar wani abu zai canza don na maimaita. Baba yana kallo. Ya ga yadda nake ture 'yan makullai biyu da ke ƙasan kwamfutar batirin ya fito, ya gani ya fi sau ashirin.

Wata rana ya ce wa matata, "Me ke damun abin naku ne?"

Ta ce, "Baba, batirin ne ba ya shan wuta."

Ya ce, "Allah sarki," ya ci gaba da jan carbi.

Da na gaji, na kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Mutumin kudu ne, ya daɗe a Kazaure har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, kuma ya san sunan da ake kirana da shi. Bai buɗe komai ba. Ya jawo wata caja daga ƙarƙashin teburinsa ya jona, nan da nan 'yar fitilar gefe ta kama, alamar batiri ta fara hawa.

Ya ce, "Injiniya, batirinka ya fi ni lafiya. Kawo cajar taka."

Ya ɗaga bakinta sama ya haska da fitilar waya. "Leƙa. Me ka gani a tsakiya?"

Na ce, "Ba komai."

"To da akwai. Ga guntunsa nan a kwance. Wani siririn tsinke ne kamar allura, shi ne harshen caja. In ka jona, kwamfuta takan ce waye, caja ta amsa da wannan tsinken. Kai ka karya mata harshe. Kwamfuta ta yi sallama ta ji shiru, sai ta ce to, baƙo, tsaya a zaure, ba za ka shiga wurin batiri ba. Da ƙarfi ka tura ko?"



Ya juya kwamfutar ya nuna mini lambobin da ke ƙasa, ya nuna na jikin cajar. "Ko da ba ka karya ba, wannan ƙarama ce, ƙarfinta bai kai ba. Jaki ka ɗaura wa amalanken shanu. Wa ya zaɓa maka?"

Na ce, "Wani yaro na aika."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Wannan yaron kada ka ƙara aikensa. Jibi ka dawo, zan samo maka ta gaske."

A kan hanya ba tunanin aikin matata nake ba. Tunanin yayanta nake, da yadda na ce masa sana'armu ce. Da na shiga gida ta tare ni da tambaya, na ce, "Ya ce cajar lafiya lau. Batirin ne ya yi dogon barci. A bar shi ya sha wuta kwana biyu, zai farfaɗo." Baba yana kan tabarma, ya ji.

Washegari ba a kawo wuta ba. Lokacin bazara ne, rana tana dukan kwano tun hantsi. Matata ta tafi makaranta, ni na tafi shago. Da na dawo bayan la'asar na tarar ta riga ni da kaɗan, tana tsaye a tsakar gida da mayafinta a hannu. Baba yana tsaye shi ma, ga shi likita ya hana shi doguwar tsayuwa, ya dafa sanda, bandejin ƙafarsa ya yi ja da ƙasa. A kan kwanon akurkin kaji ga batirin kwamfuta a kwance, an tare shi da duwatsu huɗu don kada kaji su ture shi.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan. In batirin rediyo ya yi sanyi, a kan shanya shi a rana ya wuni, da yamma a mayar, ya ƙara ba ka labarun duniya na kwana biyu. Haka Baba ya yi duk rayuwarsa, haka na gan shi yana yi ina ƙarami, ni ma na sha hawa katanga in kwaso masa.

Fuskarsa a sake take. Ya dubi matata ya ce, "Ki gaya masa na juya shi sau uku. Na rediyo wuni ɗaya suke yi su tashi. Wannan da yake babba ne, wataƙila sai an ƙara masa gobe."

Abin da na fara ji a raina shi ne daɗi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba. Kafin in taɓa batirin, kafin in ji zafinsa, na riga na gane na samu inda zan sauke kayana.

Na ɗauke shi na yar a kan tabarma kamar ya ƙona ni. Na ce, "Wa ya aike ka?"

Mahaifina na ce wa haka. Ban ce Baba ba.

Na ce, "Wannan rediyo ne? Karatun yarinyar nan na shekara da shekaru ka ɗauka ka ɗora a kan akurki. An dafa shi. Shi ke nan, ya mutu. Abin da ba ka sani ba me ya kai ka taɓawa?"

Matata ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ai dama ba ya caji."

Na ce, "Ke rufe mini baki. Mai gyara cewa ya yi zai farfaɗo. Yanzu da me zai farfaɗo?"

Na san ba zai amsa ba. Da ƙanena ne ya yi masa wannan tsawa, da ya sha sanda a gadon baya. Ni kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure masa baki, kuma da saninta na yi. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Sannan ya ɗingisa zuwa ɗakinsa. Duwatsun nan huɗu suka kwana biyu a kan akurki kafin matata ta zubar.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ya wuce. Amma ƙarya tana son shaidu, ni kuma ina son a yi dariya in na yi magana. A majalisarmu ta bakin shagon mai shayi na ba da labarin, har da kwaikwayon ɗingishinsa da yadda ya ce na juya shi sau uku. Aka yi ta tuntsura dariya. Wani ya ce, "Ashe Injiniya gado ya yi." Wani ya ce, "Ai gidanku ba ku bukatar sola, kuna da Baba." Kafin Juma'a sunan ya zaga layinmu: Baba mai sola.

Akwai dakali a ƙofar masallacin unguwa inda dattawa ke zama bayan la'asar. Baba ya fara sabawa da su, nan ne kaɗai yake samun masu yi masa hirar gero da farashin taki. Ina wucewa ranar Asabar na ji wani tsohon tela yana ce masa, "Malam, wayata ta mutu tun safe, ko za ka taimaka ka shanya mini?" Suka yi dariya, ba da mugunta ba, irin ta tsofaffi. Baba ya yi murmushi ya ce, "Sai dai a kai wa masu ilimi." Daga ranar bai ƙara zama a dakalin ba. Yana idar da salla sai ya ɗauki sandarsa.

Ranar Lahadi yayan matata ya zo daga Kano, ya biyo da mahaifiyarsu daga Roni don ta duba jikin Baba. Sun shiga sun gaishe shi, an yi addu'a, suka fito tsakar gida aka kawo fura. Yayan ya tambayi labarin kwamfuta. Ina da damar in ce ana kan gyara. Sai na gyara zama na ba su labarin tun daga farko, da murya sama, taga ɗakin Baba a buɗe a bayana. Yayan ya yi 'yar dariya ya kau da kai. Surukata ba ta yi ba. Ta ajiye ludayi ta ce, "Ɗan nan, ai don ya taimaka ya yi." Na ce, "Inna, irin wannan taimakon ai gara a bar mutum da matsalarsa." Matata ta tashi ta shige kicin.

A gaban surukai na tozarta shi. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi ga dattijo.

Ranar Litinin na koma wurin mai gyara na karɓi cajar gaske. Na ce ya gwada mini batirin. Ya jona, ya fara hawa kamar ba abin da ya same shi. Ya ce, "Na gaya maka lafiyarsa ƙalau. Amma me ya sa takardar jikinsa ta kumbura haka?" Na ce a mota aka bar shi. A shagonmu na ɓare takardar gaba ɗaya, na goge jikin batirin da ɗan man fetur har ya yi sheƙi, na naɗe shi a leda. Cajar da na karya wa harshe na jefa ta a kwata. Ita da sabuwar duk baƙaƙe ne, na san matata ba za ta bambance ba.

Na shiga gida na ce, "Ga shi, sabon batiri na samo, da ƙyar." Na jona. Fitila ta kama. Matata ta ce alhamdu lillahi har sau uku, ta zauna nan take ta fara bugawa. Ina alwala na ji Baba yana tambayarta daga bakin ƙofarsa, a hankali.

"'Yar nan, sabo aka saya?"

Ta ce, "E, Baba, amma ba komai, wallahi ba komai."

"Wancan ya mutu ke nan."

"Baba, dama can..."

Ya ce, "To. Allah ya ba da sa'ar karatu."

Da safe, ranar da ya kamata a kai shi wanki, na fito na tarar ya ɗaure kayansa a buhu, rediyon a rataye a kafaɗa. Ya ce wa matata an aiko masa an yi ruwan shuka a ƙauye, ba zai bar gona ta wuce shi ba. Kowa ya san ƙanena ne ke noma gonar tun bara. Ta durƙusa a zaure ta riƙe bakin buhun tana kuka, tana cewa, "Baba, ƙafarka. Baba, saura kaɗan ya cike. Ka bari ko sati biyu." Ya ce, "Na gaya miki tun farko kada ki tare ni."

Ta ɗago ta dube ni. Ina tsaye a bakin ƙofa. Magana ɗaya ce a bakina: Baba, batirin nan shi ne wanda ka shanya, ba abin da ya same shi, ni na karya caja. Na san in na faɗa zai ajiye buhun. Na kuma san in na faɗa, matata za ta ji, yayanta zai ji, majalisa za ta ji. Na fita titi na taro masa ɗan acaba. Ni na ɗora masa buhun a gaba, na ce wa ɗan acaban ya bi a hankali saboda ƙafar.

Na ce a raina zan je in dawo da shi ranar Juma'a, in abin ya lafa. Juma'a ta zo aka kawo mana aikin buga takardun jarrabawa. Ta gaba kuma na ce sai an yi albashi. Matata ta gama aikinta ta miƙa, aka yaba. Ta riƙa aika masa magani da bandeji ta hannun masu zuwa kasuwa, ƙanena yana wanke masa ciwon da ruwan gishiri yadda ya iya.

A sati na huɗu ƙanena ya kira ni da hantsi. Ya ce, "Yaya, ka nemo mota. Ba a iya zama a ɗakin Baba saboda warin ƙafar." A asibiti suka kwance tsumman, likitan ya dube ni, shi ne wanda ya yi mana gargaɗi, ya ce, "Ba kai ne ɗansa da ke cikin gari ba?" Na ce ni ne. Ya ce ƙafar ta riga ta ruɓe. Suka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Kwana uku bayan aikin na same shi shi kaɗai, ƙanena ya fita sayo koko. Bargon ya kwanta shafal a inda ƙafar take a da. Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Na yi niyya, Allah ya sani na yi niyya. Na ce, "Baba, maganar batirin nan..."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da ban saba gani ba, kuma da ni ya yi maganar, ba ta bakin kowa ba.

Ya ce, "Na san na yi muku ɓarna. Ni a sanina rana tana tayar da batiri, ban san na zamani ba haka yake ba. Na so in faɗa maka tun a gida, nauyi ya hana ni. Ka yafe mini. Ka ce wa yarinyar nan ma ta yafe mini."

Ma'aikaciyar jinya tana gado na gaba tana canza ruwa. Masu jinya biyu suna jinmu. Na dubi ƙasa na ce, "Ba komai, Baba. Ya wuce."

Ya ce, "Madalla," ya rufe ido.

Da aka sallame shi bai yarda ya koma gidana ba. Ƙanwata da ke aure a Roni ta ɗauke shi, a wurinta ya yi sauran kwanakinsa. Nakan je duk wata in gaishe shi, ya amsa ta bakin jikokinsa, in ajiye abin da na kawo in taso. Sau da yawa na shirya maganar a kan babur tun daga Kazaure, in na isa sai in tarar da mutane a ɗakin, in ji sanyi a raina cewa yau ma ba dama. Ya rasu yana ganin shi ya yi mini laifi kuma na yafe masa.

Matata ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ita zan fara miƙa wa takardun nan in na gama, kafin ƙannena. Wanda ya karanta bayansu, in zai yi addu'a, ya yi wa Baba.